Tsohuwar Rikoda Mai Kwarkwaro: Abincinta Da Jinyarta

Kafin kaset ya cika gari, ɗan jaridar rediyo ba ya fita aiki sai da wata rikoda rataye a kafaɗa, mai kwarkwaro biyu, zaren tef yana warwarewa daga wannan yana naɗuwa a wancan. Biyu ne suka fi suna. Akwai Nagra, wadda Stefan Kudelski, haifaffen Folan, ya fara ƙerawa a Suwizalan cikin 1951, sannan akwai Uher 4000 Report ta birnin Munik a Jamus, wadda ta fito a 1961, har ta zama abokiyar tafiyar wakilan BBC.

Mai karatu zai ce, to ina ruwanmu da tsohon ƙarfe? Ruwanmu kuwa shi ne, muryoyin mawaƙa da malamai da sarakuna da gidajen rediyonmu suka ɗauka a wancan zamani, kan irin wannan zare suke kwance, kuma ba mai jin su sai da injin da ke da rai. A 2019 hukumar UNESCO tare da ƙungiyar masu adana sauti ta duniya, watau IASA, sun yi kashedi cewa wajen 2025 kayan gyaran waɗannan injuna za su yanke. Saboda haka duk wanda ke da guda ɗaya, amana ce a hannunsa.

Mu fara da abinci. Uher tana cin manyan batura biyar, folt 7.5 ke nan, ko kuma batir mai caji na folt 6. Nagra III ta 1958 kuwa sai goma sha biyu, folt 18. Tsofaffin batura masu caji sun daɗe da mutuwa, amma na zamani irin NiMH, masu folt 1.2 kowanne, suna shiga gurbinsu: biyar su ba da folt 6 daidai. Abin da bai kamata ba shi ne a ajiye rikoda da batir a ciki. Batir yakan yi yoyo, ya cinye ƙarafan gidansa. In aka tarar da farin gari irin na batirin alkalin, a goge da ɗan ruwan lemun tsami, a bi da tsumma, a bari ya bushe sarai.

Babban tarko yana wajen jona wutar waje. Yawancin na'urorin yau ɓangaren ragi ne ke haɗe da gangar jikinsu, amma Nagra ta wancan zamani ɓangaren ƙari ne. Wanda ya tsinci wata caja a kasuwa ya jona ba tare da aunawa ba, yana iya ƙona cikin cikin ƙiftawar ido. A auna da mita tukuna, a sa fis. Haka nan rikodar da ta shekara talatin a ɗaki, kada a yi mata gaggawa, domin kafasitocinta sun bushe. Mai gyara ya fara dubawa. Ni a ganina, inda wuta ke hawa da sauka, batir ya fi aminci, ga shi kuma ba ya sa ƙugi cikin sauti.

Sai jinya. Roba ita ce farkon lalacewa: bel yakan saki ko ya narke kamar kwalta, tayar da ke danne zare ta ƙandare, murya ta riƙa rawa. Waɗannan canji suke so, ba lallashi ba. Kawunan da zare ke shafa a goge su da auduga da tsantsar sifirit, kada a kusance su da ƙarfe. Lokaci lokaci a cire musu maganaɗisun da ya taru, amma sai an kashe rikodar, an kuma nisantar da zarurruka. Mai kuwa ɗigo ɗaya ya isa, domin in ya yi yawa ƙurar hunturu ta samu wurin zama.

Shi kansa zaren yana da nasa ciwon. Wasu na shekarun 1970 da 1980, irin su Ampex 456, sukan sha laima su yi danƙo, a ji suna ƙara a kan inji suna zubar da baƙin gari. Da an ji haka a tsaya nan take, don abin da ke zuba muryar ce. Masana sukan gasa irin wannan a zafin digiri 50 zuwa 54 na sa'o'i, cikin tanda ta musamman, su kwafe sautin zuwa kwamfuta kafin danƙon ya dawo. Tsohon zaren asitet kuwa, wanda haske ke ratsawa in an ɗaga kwarkwaron, wani lokaci har yana warin tsami, ba a gasa shi ko kaɗan.