Kafin A Ƙara Wa Kwamfuta Katin Hotuna, A Duba Akwatin Wutarta

Tun da Hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan bisa kwamfuta a 2015, na'urar ta daina zama baƙuwa a garuruwa irin su Sara, Gwaram da Birnin Kudu. Akasarin waɗanda ake gani a makarantu da shagunan buga takardu na gwanjo ne, ƙirar HP ko Dell, waɗanda aka ƙera domin aikin ofis. Idan ɗalibi ya fara sha'awar zane ko tace bidiyon biki, sai a ba shi shawarar ya sayo katin hotuna, wato allon da ke ɗauke wa kwamfuta nauyin sarrafa hoto. Abin da ba a cika gaya masa ba shi ne katin na iya fin ƙarfin akwatin da ke ba na'urar wuta.

Aikin wannan akwati ya yi kama da na zuciya. Wutar da kamfanin KEDCO ke kawowa Jigawa bolt 230 ce, mai kai-da-komo. Sassan kwamfuta ba sa cin irin wannan. Akwatin ne ke mayar da ita wuta mai tafiya fuska ɗaya, ta bolt 12 da 5 da 3.3, ya rarraba wa kowane sashe, kamar yadda zuciya ke tura jini ga gaɓoɓi. Idan tsoka ta nemi jinin da ya wuce abin da zuciya ke iya turawa, mutum yakan yanke jiki ya faɗi. Haka kwamfuta take mutuwa farat ɗaya a tsakiyar aiki, ta tafi da duk abin da ba a adana ba.

Lissafin ba shi da wuya. A jikin akwatin akwai takarda mai nuna amfiya nawa layin bolt 12 ke bayarwa, kuma wannan layin ne ke ciyar da katin da ƙwaƙwalwar na'urar. Idan aka ninka bolt da amfiya, sai a sami wat. Misali, amfiya 18 sau 12 ya ba da wat 216. Katin RTX 3060 na kamfanin Nvidia, wanda ya fito a 2021, yana cin wat 170. A ƙara wat 65 na ƙwaƙwalwa, da kamar 35 na fanka da sauran tarkace, an kai 270. Ke nan an ɗora wa jaki kayan raƙumi. Shi kansa kamfanin akwati mai wat 550 ya ce a nema wa wannan kati, alhali yawancin ƙananan kwamfutocin ofis ba sa wuce 240.

Akwai kuma batun waya. Ramin da ake soka katin a babban allo wat 75 kaɗai yake bayarwa. Abin da ya haura haka sai ta waya ta musamman: mai baki 6 tana ƙara wat 75, mai baki 8 kuwa 150. Idan akwatin bai zo da ita ba, alama ce ba a yi shi don wannan aiki ba. Haɗa wayoyi da dabara, kamar yadda wasu masu gyara ke yi, ganganci ne, domin siririyar waya takan yi zafi har ta narke.

Yanayin ƙasar nan ma yana rage wa akwatin ƙarfi. A bazara zafi yakan kai digiri 40, da hunturu kuma ƙura ta toshe fanka, ga tsufan kayan cikinsa. Saboda haka ya kamata a bar rarar aƙalla kashi 30 cikin 100. Mai aiki da janareta ko hasken rana ya tuna cewa wani ɓangare na wutar yana salwanta ya zama zafi: akwatin da ingancinsa kashi 80 ne, zai ja wat kusan 340 kafin ya ba da 270.

Wanda akwatinsa bai kai ba, hanya biyu ke gabansa. Ko dai ya sauya akwatin, wanda sau da yawa ba ya yiwuwa a ƙananan HP da Dell saboda bakin wayarsu daban yake, ko ya nemi kati mai cin wat 75, irin GTX 1050 Ti na 2016, samfurin da ba ya buƙatar ƙarin waya. Kafin ya hau motar Kano, ya kwafi lambobin da ke jikin takardar, ya kuma auna faɗin cikin kwamfutar, domin siririyar kwamfuta gajeren kati kawai take ɗauka.