Motarka na kakkarwa? Ga yadda za ka canja injin sit a gida

Idan kana jan tsohuwar mota, ko wadda Baba ya sakar maka ce ko 'yar Kwatano da ka yi tari ka saya, wataƙila ka san wannan yanayin: ka tsaya a danja, sitiyari na rawa a hannunka, da ka saka giya kuma sai ka ji "gum" daga gaba. Sau da yawa ba injin ne ya lalace ba. Abin da yake zaune a kai ne ya gaji, wato abin da makanikai ke kira injin sit.

Injin sit ƙarfe ne da roba mai kauri a tsakiya. Shi ke riƙe inji da giya a jikin mota, shi ke shanye girgiza kafin ta iso gare ka. Golf 3 tana da guda uku, Corolla ta 2003 zuwa 2008 tana da huɗu. Zafin inji, ramukan titi da baƙin man da ke ɗiga a kan robar su ke cinye shi. Wani nau'in akwai ruwa a cikinsa, idan ya fashe za ka ga alamar yoyo a jikinsa. Ka ƙyale shi kuma, inji ya riƙa tsalle yana fizgar salansa, wayoyi da tiyon lagireto. Gyaran ƙaramin abu ya koma babba ke nan.

Kafin ka sayi komai, tabbatar shi ne fa, domin mataccen fulogi ma yana sa mota kakkarwa. Buɗe bonet, ja birkin hannu, taka birki sosai. Idan otomatik ce, saka giyar gaba ka ɗan taɓa totur, sannan ka saka ribas. Abokinka ya tsaya a gefe yana kallo, kada ya kuskura ya tsaya a gaban motar. Idan inji ya ɗaga sosai ko ya buga, an kama ɓarawo. Haska fitilar waya ka duba robar, ko ta tsage ko ta rabu da ƙarfen.

Wajen saye, ko a Ƙofar Ruwa kake a Kano ko Panteka a Kaduna, tafi da hoton naka da shekarar motar. Na hannu ya fi sauƙin kuɗi, amma ka tuna robarsa ma ta sha shekaru. Araha ba ta ado.

Yanzu ga inda maganar take. Injin ƙaramar mota ya haura kilo 100, kuma da zarar ka kwance injin sit, nauyin nan sai ya nemi inda zai sauka. Saboda haka ba a taɓa noti ko ɗaya sai an tallafe inji.

Ajiye motar a daɓen siminti mai shafe, ba kan yashi ba. Bari inji ya huce. Ja birkin hannu, sa waigi a tayoyin baya, cire kan batir na baƙar waya. Ɗora guntun katako mai faɗi a kan jak, ka saita shi ƙarƙashin kaskon baƙin mai da ke ƙasan inji. Katakon ne zai hana kaskon lotsewa ko fashewa. Ɗaga kaɗan kawai, daidai yadda jak zai karɓi nauyin. Ba motar kake son ɗagawa ba.

Ɗauki hoto kafin ka kwance komai. Fesa man sassauta tsatsa irin WD-40 a notikan, jira 'yan mintuna, sannan ka sa sifana. Ɗaya bayan ɗaya ake canjawa, kada ka cire biyu lokaci guda. Jera tsohon da sabon ka ga ramukan sun yi daidai. Saka sabon, fara ɗaura notikan da hannu don kada zaren ya lalace. Idan rami bai hau ba, ɗan ɗaga jak ko ka sauke kaɗan, amma kada ka zura yatsa ciki don gwadawa. Sauke inji a hankali ya zauna, sannan ka ɗaure tamau gwargwadon ƙarfin da littafin motar ya faɗa. Mayar da batir, tayar da mota, sake gwajin giyar nan.

Gaskiyar magana, ba duka ne na gida ba. Na sama da kake gani da ka buɗe bonet shi ne mai sauƙi. Na baya da na ƙasa sukan buƙaci shiga ƙarƙashin mota. Idan ba ka da ƙarafunan tokare mota, kar ka shiga. Jak yana zamewa, bulo yana rugujewa ba sallama. Wannan kai wa bakanike, kuɗin aikinsa bai kai darajar hannunka ba.

Ko da ba kai ka yi aikin ba, yanzu dai ka san abin da za ka tambaya a gareji, kuma za ka iya cewa a nuna maka tsohon da aka cire. In akwai yoyon baƙin mai, a gyara shi tare, idan ba haka ba sabon ma ba zai daɗe ba.