Wace Ƙusa Ya Kamata Sabon Shiga Ya Fara Lanƙwasawa?

Wanda ya fara ganin mutum ya naɗe ƙusa inci shida a cikin fata, ya ɗaga ta ƙarƙashin haɓarsa, ya matse ta da hannu biyu har kanta da tsininta suka kusa haɗuwa, zai iya cewa ɗan tauri ne. Horo ne kawai, da sanin ƙarfe. Wasan lanƙwasa ƙusa ya yi suna a Amurka ta hannun ƙarfafan da ke nuna bajinta a bainar jama'a, irin su Joseph Greenstein, ɗan gajeren mutumin nan haifaffen Poland da ya rasu a 1977. A yau ma'aunin da masu wasan suka fi sani shi ne Jar Ƙusa ta kamfanin IronMind da ke California, wato ƙarfe mai tsawon inci 7 da kauri kusan milimita 8. John Brookfield ne aka fara ba wa shaidar lanƙwasa ta, a 1995.

Sabon shiga ba shi da harka da Jar Ƙusa tukuna. Abin da ke gabansa shi ne ya san ƙarfen da ya dace da hannunsa a yau, domin yawancin masu jin ciwo ko masu watsar da wasan tun a wurin saye suka yi kuskure.

Kauri ne babban al'amari, kuma shi ne ido ya fi ruɗar mutum a kansa. Idan ka ajiye ƙarfe mai milimita 6 kusa da mai milimita 8, za ka ga kamar wa da ƙane ne. A hannu kuwa tazarar tana da nisa ƙwarai. Turjiyar ƙarfe mai zagaye tana hauhawa ne da kaurinsa idan aka buga shi da kansa sau uku. Shida sau shida sau shida 216 ne, takwas sau takwas sau takwas kuwa 512. Ke nan ƙarin milimita biyu kacal ya mai da aikin ya fi ninki biyu. Ko daga milimita 5 zuwa 6, ƙarin nauyin aikin ya haura kashi 70 cikin ɗari. Dalilin shi ne, lokacin da ƙarfe ke lanƙwashewa bayansa na miƙewa, cikinsa na matsewa, tsakiyarsa kuwa kusan ba ta yin komai. Duk ɗan naman da aka ƙara a gefe, an ƙara shi ne daidai inda ake fafatawar. Wannan ne ma ya sa ƙarfe mai kusurwa huɗu ya fi mai zagaye wuya da kimanin rabi, ko da faɗinsu ɗaya.

Tsawo kuwa yana aiki ne kamar ƙotar fartanya: doguwar ƙota ta fi ba da ƙarfi. Ƙarfe inci 7 ya fi mai inci 6 sauƙi, mai inci 5 kuma ya fi su duka gardama. Wannan shi ne tsanin da mai koyo zai riƙa hawa. Ya tsaya a kan kauri ɗaya, ya fara da inci 7, ya riƙa rage rabin inci duk lokacin da hannunsa ya saba, sai ya kai inci 5 kafin ya yi tunanin ƙara kauri. Jerin ƙusoshin IronMind ma haka aka tsara shi. Da launi ake kiran su: Farar Ƙusa da Koriya kaurinsu ɗaya, ɗan ƙasa da milimita 5, sai dai Fara inci 6 ce, Koriya inci 5. Rawaya da Shuɗiya kaurinsu kwatan inci ne, ɗaya inci 7, ɗaya inci 6. Daga nan sai tsallen da ke kai mutum ga Jar Ƙusa.

A littattafan wasan za ka yawaita cin karo da ƙusar da ake rubutawa 60d. Tsohon lissafin Ingila ne na farashin ƙusoshi ɗari da kwabo, wanda ya zauna a Amurka ya zama sunan girma. Ƙusar kwabo 60 ita ce mai inci 6 da kauri kimanin kwatan inci, ta kwabo 40 kuma inci 5. A shagunanmu da inci ake kiran ƙusa, don haka ka ce inci shida. Amma kada ka ɗauka da ita ake farawa. Ita ce abin nema na watannin farko, kuma ranar da ta faɗi ranar murna ce.

Sai halin ƙarfen kansa, wanda ba a gani da tef ɗin awo. Akwai ƙarfen da aka murza yana ja da zafi, wanda za ka gane shi da baƙar fata mai ɗan kaushi. Wannan mai laushi ne, yana bin hannu a hankali, shi ne abokin mai koyo. Akwai kuma wanda aka ja a sanyi, mai santsi da ƙyalli. Duk maƙeri ya san ƙarfen da aka yi ta duka ba tare da wuta ba yana ƙara tauri, kuma abin da ja a sanyi ke yi ke nan. Guda biyu masu kauri ɗaya da tsawo ɗaya, ɗaya ya faɗi cikin sauƙi, ɗayan ya ƙi ko motsi. Ƙusoshin kafinta daga waya ake yin su, kuma taurinsu ya danganta da masana'antar da ta fitar da su. Saboda haka na fi son mai koyo ya sayi doguwar sanda guda ta ƙarfe mai santsin jiki, irin rodin da magina ke kira kwata, ya sa mai walda ya yanka masa. Duk guntayen uwarsu ɗaya, in yau ya lanƙwasa abin da ya gagare shi makon jiya, ya tabbata hannunsa ne ya ƙaru. Rodi mai zane a jiki kuwa a bar wa gini, yana cin naɗi kuma taurinsa ba shi da tabbas.

Abin da nake roƙon kowa ya guje masa shi ne ƙusar kankare. An yi mata wanka da wuta don ta huda siminti, kuma irin wannan ƙarfe bai san lanƙwasa ba, karyewa yake yi farat ɗaya. Ka tuna inda hannuwan suke a lokacin, dab da wuya da fuska. Haka ma noti mai lamba 8.8 ko 10.9 a kansa, ko mai zane uku ko shida irin na Amurka, na ƙwararru ne. Kowane noti kuma ya fi saurin tsinkewa a wurin zarensa.

Kafin ƙarfe ya shiga hannu, a datse tsinin ƙusa, a goge bakin kowane guntu da magagari har ya daina yanka. Naɗi kuma ba abin wasa ba ne. Masu wasan suna amfani da fata mai laushi ko yadi mai kauri irin na jakar soja, guda biyu, kowanne ya rufe gefe ɗaya, a bar tsakiya a buɗe inda ƙarfen zai faɗi. A nan mun yi sa'a, fata jemammiya ba ta da wuyar samu a wurin dukawa. A naɗe ta tamau, a ɗaure da roba, domin naɗin da ya yi sako-sako shi ne ƙusa ke ratsawa ta shiga tafin hannu.

Yadda za ka gane ka sayi daidai kuwa, ƙarfen farko ya kamata ka lanƙwasa biyar ko shida a jere ba tare da wuyan hannunka ya yi zogi ba. Tsoka tana saurin ƙarfi, jijiyoyin wuyan hannu da na gwiwar hannu kuwa suna ɗaukar watanni kafin su cim mata, kuma su ne ke ɗauke da nauyin wannan wasa. Sau biyu a mako ya isa. In guntu ya ƙi motsi bayan gwaji biyu ko uku, ka rubuta kwanan wata a jikin takarda ka naɗe shi, ka koma kan wanda ya fi shi tsawo da rabin inci.