"Malam, a waya amsar C ce"

Tun 2015 da hukumar JAMB ta ajiye takarda da fensir ta koma kwamfuta kacokan, ɗalibin garin Manchok jarrabawa biyu ke jiransa: ta darasi da ta na'ura. Tambaya 180 cikin awa biyu, agogo yana gudu a gefen fuskar kwamfuta, ga yaron da bai taɓa zama gabanta ba. A nan manhajojin waya suka yi rana, kuma ni da nake koyar da lissafi a wata sakandare ta ƙaramar hukumar Kaura ba zan raina musu ba. Wanda ya saba amsa tambayoyin shekarun baya a wayar mamarsa, in ya je cibiyar jarrabawa a Kafanchan hannunsa ba ya rawa.

Sai dai manne wa waya daban, ganewa daban. Wata ɗalibata ta zo tana murna, wai manhaja ta ba ta maki mai yawa. Na ɗauko tambaya ɗaya daga ciki, na sauya lambobin, na rubuta a allo. Ta tsaya tana tauna biro, can ta ce, "Malam, a waya amsar C ce." Ashe harafin ta haddace. Manhajar takan yi wa yaro tafi da taurari in ya ci, amma ba ta tambayarsa ta ina ya bi, alhali a lissafin WAEC kowane mataki da makinsa.

Masu bayani da bidiyo sun fi. Akwai uLesson da Sim Shagaya ya kafa a 2019, akwai kuma Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022, wadda kyauta ce. Data ce ba kyauta ba, balle bayan ƙarin farashi na kashi 50 da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da shi a Janairun 2025. Ga wayar guda ce a gida, ta yini a kasuwa, ta kwana a shagon caji. Turancin bidiyon ma yakan yi wa yaron da ya tashi da harshen Sholio da Hausa sauri.

Yanzu nakan zaunar da ɗalibaina huɗu-huɗu kan waya ɗaya bayan an tashi. Kowa ya zaɓi amsa, kafin a danna sai ya ɗauki alli ya nuna mana hanyar.