Matar Ci-rani a Fim ɗin Kaboyi

Kowace unguwa tana da irin labarin nan. Mutum ya tafi ci-rani hannu rabbana, wata baiwar Allah a can ta rufa masa asiri, ta aure shi, ta haifa masa ɗa. Ran da danginsa suka tuna da shi, sai su zo su ce yaro jininsu ne, uwar kuwa ko gaisuwarta ba sa amsawa. Da wannan labari aka yi dogon fim na farko a Hollywood, The Squaw Man, a 1914. Sunan ma gori ne, wato Baturen da ya auri 'yar asalin ƙasar Amurka.

Wani hafsan sojan Ingila, James Wynnegate, ya ɗauki laifin ɗan'uwansa da ya cinye kuɗin marayu, ya gudu Wyoming yana kiwon shanu. Nat-u-ritch, 'yar sarkin ƙabilar Ute, ta harbe ɗan ta'addan da ya so kashe shi. Suka yi aure, suka haihu. Da gaskiya ta fito, mutanen Ingila suka iso, aka yanke a kai yaron can ya yi karatu. Uwar ta kashe kanta.

Fim ne marar magana, kallonsa kamar hango rigimar maƙwabta daga kan soro: kana ganin ana watsa hannu, ana dafe ƙirji, kai ke cike sauran. Jefi-jefi rubutu ya bayyana a majigi, mai kiɗa a gefe yana tayar wa mutane da tsumi.

Cecil B. DeMille, wanda ya shirya shi tare da Oscar Apfel, sabon hannu ne. A wata barga da suka kama haya suka yi aikin. Da aka zo gwaji sai hoto ya dinga tsalle, kamar keken ɗinki mai tsallake zare ana jibi salla. Ashe hudojin gefen fim ɗin ne ba su daidaita ba. Sai da suka kai wa wani mai harkar fim, Siegmund Lubin, a Philadelphia ya gyara.

Da fim ɗin ya fita kuwa, ya yi kasuwa, ya tsayar da kamfanin da ya yi shi, na Jesse Lasky, da ƙafarsa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, masu kallo sun tausaya wa Nat-u-ritch irin tausayin da maƙwabta ke yi wa matar ci-rani: a yi salati, a share hawaye, a kuma taya dangi ɗaukar kayan yaro. Red Wing da ta fito a matsayin Nat-u-ritch, 'yar ƙabilar Winnebago ce, ba Baturiya aka shafa wa launi ba, amma sunan Dustin Farnum, wanda ya fito a matsayin Wynnegate, aka yi talla da shi.

Mai abincin da tuwonta ya karɓu ba ta canja miya. DeMille ya sake fim ɗin a 1918, ya kuma sake shi da magana a 1931. A wannan karon Lupe Vélez ce matar, an ba ta baki, kuma mutuwar ce dai rabonta.