Jijiya Mai Motsi: Darasi Daga Harshen Japan

Kalmar jijiya a Hausa abubuwa huɗu take nufi: hanyar da ke fitar da jini daga zuciya, da wadda ke mayar da shi, da zaren da ke kai saƙo ga ƙwaƙwalwa, da kuma igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, irin su agara. Wannan kan rikita ɗalibi, ya kuma wahalar da malami.

Japanawa ma sun taɓa fama da ƙarancin sunayen sassan jiki. A shekarar 1774 likita Sugita Genpaku da abokan aikinsa suka buga Kaitai Shinsho, fassarar wani littafin ƙirar jikin ɗan Adam daga harshen Holan. A cikinsa suka kira jijiyar da ke fitowa daga zuciya domyaku, wato jijiya mai motsi. Daga baya mai mayar da jini ta sami sunan jomyaku, jijiya mai natsuwa. Har yau da sunayen nan likitocinsu ke aiki. Alal misali, domyaku koka shi ne taurin jijiya, wanda kan jawo ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Sunan ya dace, domin zuciyar baligi tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti idan yana hutawa, kowane bugu kuma yana tura jini da ƙarfi cikin wannan jijiya. Wannan motsi ne ake ji a wuyan hannu, ta ɓangaren babban yatsa.

Sanin bambancin na iya ceton rai a gonakin Funtuwa da Malumfashi, inda adda da lauje kan yi wa manomi rauni lokacin girbin masara da dawa. Idan mai natsuwa ce ta yanke, jinin kan kwararo a hankali, launinsa da duhu. Idan mai motsi ce, sai ya riƙa tsartuwa ja wur, daidai da bugun zuciya. Jinin baligi kimanin lita 5 ne, asarar lita 2 kuwa na iya kisa. Saboda haka a danne raunin sosai da tsumma mai tsabta, kada a saki, kada kuma a zuba ƙasa ko toka, a garzaya asibiti.

Ya kamata malamai su riƙa bambanta su a aji: jijiya mai harbawa da jijiya mai mayarwa.