3.2 Tsuntsu Mai Farin Maƙogwaro da Dangantakarsa da Ruwan Sama

A wannan sashe za a yi bayani ne a kan wani ɗan ƙaramin tsuntsu wanda masana kimiyya suka daɗe suna kira Sylvia communis, amma a yanzu suka mayar da shi Curruca communis. Saboda sauƙin bayani, za a riƙa kiran sa mai farin maƙogwaro. Tsawonsa kimanin santimita 14 ne, nauyinsa kuwa wajen giram 15. Namijin yana da kai ruwan toka, da fukafukai masu ja-ja-ja, kuma shi ne mai rera waƙa.

Wannan tsuntsu baƙo ne a ƙasar Hausa. A Turai yake yin sheƙa ya ƙyanƙyashe, sannan ya ƙetaro Sahara wajen watan Satumba zuwa Oktoba, ya zauna a yankin Sahel har zuwa watan Afrilu. Ba ya son dokar daji, ya fi son sarƙaƙiya da gajerun itatuwa masu ƙaya, irin su magarya da aduwa. A nan ne yake tsintar tsutsa da gizo-gizo da ƙananan ƙwari. Idan lokacin komawa ya ƙarato, yakan haɗa da 'ya'yan itatuwa domin ya tara kitsen da zai zame masa guzuri.

Abin lura a nan shi ne, duk wannan abinci ya dogara ne ga daminar da ta gabata. A shekarar 1968 ruwan sama ya yi ƙaranci a Sahel. Da bazarar 1969 ta zo, ƙidayar tsuntsaye a Birtaniya ta nuna cewa yawansa ya ragu da kimanin kashi 70 cikin 100. A 1974 Winstanley da abokan aikinsa suka danganta wannan asara da farin da aka yi a Sahel, wato tsuntsayen sun rasa abincin da zai riƙe su har ya kai su gida.

Idan aka yi la'akari da wannan, za a ga cewa sarƙaƙiyar da ake sarewa domin itacen girki ko faɗaɗa gona ita ce rumbun wannan tsuntsu. Ashe ke nan fari da gatari illa ɗaya suke yi masa. Sashe na gaba zai duba irin waɗannan itatuwa ɗaya bayan ɗaya.